Bugu Uku Cikin Bango

Tun da Sada ya gina mani ban-ɗakin nan
a gidanmu na Ƙofar Marusa,
farar tangaran, da tanki bisa rufi,
ban ƙara kora ruwa cikin salama ba.
Ka danna, ruwa ya tafi abinsa,
ka wanke hannu, ka juya baya,
sai can cikin bango: gam! gam!
sannan ƙarami ɗaya, kamar mai neman gafara.

Salgar da na gada wurin Baba
shekara hamsin tana bayan gida,
ba ta taɓa ce mani uffan ba.
Wannan ta zamani kuwa bakinta ba ya mutuwa.

Daren farko na fita da tocila har zaure
ina tambayar wa ke sallama.
Ba kowa, sai akuyar Nalado tana tuƙa.
Hajjo ta ce a kira mai tofi.
Jikata Ummita ta daina shiga ita kaɗai,
wai wani tsoho ne aka shafe da siminti.
Ni kuma na koyi dabara:
in fitsari ya tashe ni ƙarfe biyu
sai in bar korawa har asuba,
kada unguwa ta san sau nawa nake tashi.

Ranar Laraba Mannir ya zo kan babur,
sufana a aljihu, farin tef rataye a yatsa.
Ya danna, ya kara kunne a bango
kamar likita da ƙirjin yaro.
Gam, gam. Ya yi murmushi.
"Baba, ba aljani ba ne, ruwa ne.
Da gudu yake gangarowa daga bisa,
sai bawul ya rufe mashi ƙofa farat ɗaya.
To ina za shi kai gudun?
Dole ya ɗau kai ya buga."

Ya rage makunnin ƙasa da rabin juyi.
Ya ciro wata 'yar roba da ta ƙeƙashe kamar ganda,
ya sa sabuwa.
Ya bi bututun bayan ɗaki
inda magina suka bar shi yana lilo,
ya kame shi da ƙarfe da ƙusa biyu.
Ya rufe tanki, ya buɗe kowane famfo
har suka yi tari suka tofar da saura,
ya ce a bar iska ta shiga, ita ce matashin ruwa.
Dubu huɗu, in ji shi.
Na ba shi uku da kofin zoɓo.

Bayan tafiyarsa na kife bokiti na zauna.
Shekara talatin da biyar ina tuƙa motar asibiti,
Katsina zuwa Kano, Katsina zuwa Zariya,
jiniya a sama, numfashin wani a baya,
ƙafata da totur kamar miji da mata.
Rana guda aka miƙo takarda, aka karɓi makulli.
Har yau ƙarfe biyar kan same ni da takalmi a ƙafa
ina kewaya tsakar gida,
ina faɗa kan butar da aka ajiye a karkace,
ina buga ƙyaure ba dalili.
Hajjo ba ta taɓa kiran mai tofi a kaina ba,
amma na sha ganin yadda take kara kunne.

Yanzu in na danna, ruwan yana cika a hankali,
siririyar murya, kamar mai shayi yana tsiyayawa daga nesa,
ya kai baki, ya tsaya, shiru.
Ummita ta koma shiga, har da 'yar waƙarta.
Ni ne dai nake tsayawa da jiƙaƙƙen hannu
ina jiran bangon nan ya tanka.

Jiya na ƙwanƙwasa shi da kaina, sau biyu,
sannan ƙarami ɗaya.
Daga ɗaki Hajjo ta ce, "Ya dawo?"
Na ce, "A'a. Yi barcinki."